Wai baƙin halittu ne suka gina dalar Masar? Haba jama'a

Tun jiya da daddare nake danne zuciyata, don na san in na yi rubutu a lokacin sai na ɓata wa wani rai, kuma masu turo min bidiyon nan duk mutanena ne. Sau shida aka turo min shi. Shida! Kun dai san wanda nake nufi, mai kiɗan nan na ban tsoro da wasu koraye masu ƙaton kai suna ɗaga duwatsu da haske, ga wani yaro yana bayani da murya kamar mai fassarar fim, wai masana sun tabbatar ɗan Adam ba zai iya gina dalar Masar ba, baƙin halittu daga wata duniya ne suka gina ta. Waɗanne masana? Oho.

Ba bidiyon ne ya ƙona min rai ba, yara na neman mabiya ne, Allah ya ba su. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne a gurup ɗinmu na tsofaffin ɗalibai wani ɗan ajinmu, injiniyan gini fa, mutumin da ake ba kwangila ya tsaya kan leburori, shi ne ya rubuto wai "gaskiya akwai abin dubawa a maganar nan". Mutum goma sha suka danna masa babban yatsa. Wallahi sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida na sha iska.

Mutane ne suka gina dalar nan. Mutane masu gumi da ciwon baya da bashi a wuya, irina irinka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magini ne, ginin ƙasa. Ina yaro ni nake tsayawa ƙasa ina cilla masa tubali yana zaune a kan katanga ya raba ƙafa kamar mai hawan doki, yana cafewa da hannu ɗaya ko kallona ba ya yi. Tafin hannunsa kaushi ya yi masa yawa har in an miƙo masa kofin shayi mai zafi ba ya jin komai, mu muna ta hura yatsu shi ya riga ya kurɓa. Na ga yadda ake kwaɓa ƙasa da ƙafa a bar ta ta kwana ta kwana, na ga yadda ake jera azara ta giginya ana ɗaurewa ana tanƙwasa ta sannu a hankali har bakan gizo ya haɗu a sama, babu ƙarfe babu siminti babu takardar zane, lissafin duk a kansa yake. Mutumin nan bai taɓa zama a aji ba. To yanzu a ce bayan shekara dubu wani ya tono soron da ya gina ya duba ya ce kai, baƙin mutum na wancan zamanin ba shi da wannan basirar, lallai wasu ne suka sauko daga sama. Ku gaya min, wannan yabo ne ko zagi?

Zagi ne, kuma tsohon zagi ne, riga kawai ya canza. A 1910 wani Bajamushe Leo Frobenius ya je Ile-Ife ya ga kawunan nan da aka ƙera masu kyau kamar za su yi magana, sai ya ce ai ba dai Yarbawa ba, ragowar mutanen Atlantis ne, wani gari na tatsuniya da aka ce ya nutse a teku. Ya gwammace garin da babu shi da ya yarda baƙar fata ya yi. Haka aka yi wa tsohon birnin dutse na Zimbabwe, aka ce Finikiyawa ne, aka ce Sarauniyar Saba ce, kowa dai ban da kakannin Shonawan da ke zaune a wurin. Wata Baturiya mai binciken kufai, Gertrude Caton-Thompson, ta haƙa wurin a 1929 ta ce 'yan Afirka ne suka gina, amma gwamnatin Turawan Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu, ta ci gaba da toshe maganar har sai da wani masani Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970 saboda ya ƙi yin ƙarya. Da Atlantis ta daina ciniki sai aka kawo masu ƙaton kai. Kun taɓa jin an ce baƙin halittu ne suka gina manyan majami'un Faransa? Ko fadar sarkin Ingila? A'a, can basira ce. Sai an zo Masar ko Peru ko Meziko sannan ake ɗaga kai ana kallon sama. Shi ya sa in na ga ɗan Afirka yana yaɗa wannan magana da datar da ya saya da kuɗinsa sai in ji kamar in yi kuka.

Kuma fa ba wai babu shaida ba ne, shaidar ta yi yawa har ta gundura. A 1990 doki ya yi tuntuɓe da wata tsohuwar katanga kusa da dalar Giza, da aka haƙa sai ga maƙabartar ma'aikatan. Ƙasusuwansu na nan, gadon baya ya lalace saboda ɗaukar kaya, wasu sun karye an yi musu ɗori ya warke. An samu unguwar da suka zauna, da wurin gasa burodi, da tulin ƙashin shanu da tumaki da suka ci. A jikin duwatsun ciki, inda ba a yi don kowa ya gani ba, ƙungiyoyin leburori sun rubuta sunayensu, wata ƙungiya ma sunanta abokan Khufu, wato sarkin da aka yi wa babbar dalar, kamar dai yadda direbobinmu ke rubutu a bayan tirela. Sannan a 2013 a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, aka tono takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer. Littafin aiki ne zalla: yau mun yi lodin farin dutse a Tura, mun bi kogi da jirgi, mun kwana a wuri kaza, mun sauke a Giza, mun koma. Shekara wajen 4,500 ke nan. Mutum ya zauna ya rubuta rajistar aikinsa rana bayan rana kamar kowane fomen, kai kuma kana kwance kan katifa kana cewa ba a san yadda aka yi ba.

Wanda ya fi ba ni dariya, ku je ku nemi hoton dalar Dahshur, wadda ta lanƙwashe. Sun fara ta a tsaye sosai, da aka kai tsakiya suka ga abin zai ba da matsala sai suka kwantar da kusurwar suka ƙarasa a haka, har yau tana nan kamar hular da aka zauna a kai. Ta Meidum kuwa jikinta na waje zubewa ya yi. Kafin su akwai ta Sakkara mai hawa-hawa kamar matakala. Wato ana gwadawa ana kuskure ana gyarawa, daga kaka zuwa jika, har hannu ya faɗa. To halittar da ta iya tsallako taurari ita ce za ta zo ta kasa saita kusurwar gini? Tauraro mafi kusa da mu bayan rana, haske ma sai ya yi shekara huɗu da ɗoriya kafin ya iso daga can. Kumbon Voyager 1 da aka harba tun 1977, da can ya nufa, sai ya shafe sama da shekara 70,000 a hanya. Su yi wannan uwar tafiya, su iso, ba su kawo mana maganin sauro ba, ba su bar ko noti ɗaya da ya kwance daga jirginsu ba, sai jera duwatsu, su ma da kurakurai, suka yi sallama. Sannunsu da aiki.

Na san abin da za a cika min kwament da shi. "Ai Amurka ma ta yarda akwai UFO." Malam, UFO ma'anarsa abu mai tashi da ba a gane ko mene ne ba, shi ke nan. Ni ma in na hango abu a sama da magariba ban gane shi ba ya zama UFO a wurina, ko da leda ce iska ta ɗauka. Sojan saman Amurka sun yi shekaru suna tattara irin wannan rahoto har 1969, guda 12,618, wanda suka kasa warwarewa 701 ne, sauran taurari ne da jirage da balan-balan. Na garin Roswell da ake ta kururutawa tun 1947 wai jirgin baƙin halittu ne ya faɗo, su da bakinsu suka ce a 1994 balan-balan ne na sirri da suke saurarar gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet da shi. David Grusch, tsohon jami'in leƙen asirinsu, da ya je gaban majalisarsu a Yulin 2023 ya ce gwamnati na ɓoye gawarwakin baƙin halittu, da kansa ya ce shi bai gan su da idonsa ba, faɗa masa aka yi. Wata biyu bayan nan wani ɗan jarida a Meziko ya shigo majalisa da wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu a akwati masu yatsu uku kamar an ƙera da garin rogo, wai gawarwakin baƙin ne, masana suka yi masa ca. Kuma ko da a ce duk gaskiya ne, me ya haɗa shi da dutsen da Merer ya yi lodi a Tura? Ku bar haɗa min doya da manja.

"Ai Elon Musk ma ya faɗa." Eh ya rubuta a 2020, kuma wata ministar Masar, Rania al-Mashat, ta ba shi amsa cikin ladabi ta ce ya zo ya ga kaburburan maginan da idonsa. Kuɗi ba ya mayar da mutum masanin tarihi.

Sai masu cewa to kai kana musun akwai wasu halittu ne, alhali ka yarda da aljanu? Ban musa ba. Allah da kansa ya ce a Suratun Nahl yana halittar abin da ba ku sani ba, sararin nan kuwa faɗinsa ya wuce hankalina, ni wane ne da zan ce babu komai a cikinsa. Amma aljanu nassi ne ya gaya min, su kuma waɗannan koraye wa ya gaya maka, TikTok? Imani da gaibu daban, haɗiye duk abin da aka ɗora wa kiɗa daban. Kuma ko akwai su ko babu su, dalar nan dai ga maginanta a kwance a gefenta.

Mu da muke da ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, da kwando da kai aka ɗebo ƙasarta. Mu da muke da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, wanda har yau masu karatun zanen gini ke zuwa su tsaya ƙarƙashin bakan gizonsa suna riƙe baki. Zazzagawa yau na yabe ku, kar ku saba. Sudan nan kusa da mu ta fi Masar yawan dala, ku duba tsohon birnin Meroe, amma da yake ƙanana ne ba a yi musu bidiyo ba, ƙila baƙin sun gaji ne kafin su iso can. Ina jin tsoron nan da shekara ɗari biyu wani jikanmu zai ga hoton dalar gyaɗa ta Kano ya ce ba yadda za a yi ɗan dako ya hau can da buhu a ka, alhali kakansa ne a hoton, da ɗan gajeren wando da gammo.

Shi kuma injiniyanmu, na san kana karantawa, ba gaba nake da kai ba. Gobe in ka je wurin aiki ka tsaya ka kalli yaron da ke hawa bene na uku da kwanon kankare a kansa tun safe har la'asar, ka ninka shi sau dubu ashirin, ka ba su shekara ashirin da abinci da sarkin da ba a ce masa a'a. Sannan ka dawo gurup ka gaya mana abin dubawar.

Abin haushin ma, in baƙo daga wata duniyar kuke so ai mun taɓa yin na gaske, kuma ba wanda ke turo min bidiyonsa. Ran 3 ga Oktoban 1962 a Zagami ta ƙasar Katsina, wani manomi na cikin gonarsa sai ya ji ƙara, dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye ya nutse a ƙasa, nauyinsa kilo 18. Daga baya aka gwada iskar da ta maƙale a cikinsa aka ga ta yi daidai da wadda na'urar Viking ta auna a duniyar Mars a 1976. Daga Mars fa, ya rasa inda zai sauka duk faɗin duniya sai Katsina. An yayyanka shi, gutsattsarinsa na warwatse a gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje, sunan ƙauyen na cikin littattafan kimiyya, mu kuma 'yan makarantarmu ko labarin ba su sani ba. Na Nijar ma ya fi ciwo, wanda aka tsinta a yankin Agadas a ƙarshen 2023, kusan kilo 25, mafi girman dutsen Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa. Sai ganinsa aka yi a New York ana gwanjonsa a Yulin 2025, ya tashi sama da dala miliyan 5, gwamnatin Nijar ta ce sai ta binciki yadda aka yi ya fita. Dala miliyan biyar, ba dalar Masar ba, ta Amurka. Ni dai damina mai zuwa duk baƙin dutsen da fartanya ta ci karo da shi a gonarmu sai na ɗaga na ji nauyinsa kafin in wurgar.