Yadda Fadamar Epe Ta Cinye Mini Rabin Gemu

Ɗan yayata ya sauka a gidana da ke Agege da jakar goyo, da damin sirinji, da wata magana da ta sa na taɓa goshinsa in ji ko zazzaɓi ne. Wai ƙasa tana numfashi, kuma aikin kammala digirinsa shi ne auna numfashin nata. Ni dai albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Iyakar sanina da ƙasa, in na same ta da yawa a gindin buhu to an cuce ni.

"Kawu, rakiya kawai za ka yi mini zuwa wajejen Epe, tunda kana jin Yarbanci."

Sai da motar danfo ta ɗauki hanya na lura cewa ɗaya daga cikin bokitan da ya ɗora mini a cinya na uwargida ne, sabo fil, kuma an huda gindinsa an toshe da roba. Na kashe wayata.

A hanya ya buɗe mini karatu. Akwai wata iska, metan, wadda shanu ke fitarwa in sun yi gyatsa, bola ma tana fitarwa, har da gara a cikin suri. Ya tuna mini gobarar jujin Olusosun ta 2018, wadda hayaƙinta ya lulluɓe Ojota, ya ce irin iskar da ke taruwa a ƙarƙashin shara ke nan. Wajen riƙe zafin duniya, a tsawon shekara 100, ta ninka iskar kabon kusan sau 28, ko da yake ba ta wuce kamar shekara 12 a sama. Saboda ita ƙasashe sama da 100, har da Najeriya, suka yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za a rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Na ce to, Allah ya ba su sa'a, ni bokiti ne a gabana.

Mun fara da wani guntun kurmi da katafila ba ta kai gare shi ba tukuna. Aikina shi ne in kife bokiti a ƙasa, in danna bakinsa ya nutse, in tsaya. Shi kuma in an jima ya soka sirinji ta robar nan, ya zuƙo iska, ya ɗura a 'yar kwalba. Na duba kwalbar nan ta kowane gefe, wallahi ba komai a ciki. Sauro dai ya ga amfanin zuwanmu.

Ya damƙo ƙasar wurin ya nuna mini. Washar-washar take kamar dambu, ga ƙofofi ko'ina. Ya ce ta nan iska ke shiga, kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani waɗanda metan ce abincinsu, muddin suna samun oksijin. Wato ƙasar kurmi haɗiye iskar take yi, kyauta, ba ta taɓa neman ko sisi ba. Amma in aka sare itatuwa, katafila ta bi ta daddanne, shanu suka tattake, ƙofofin sai su toshe, ruwa ya kwanta. Nan masu cin metan su galabaita, wasu ƙwayoyin da ba sa shiri da oksijin su karɓi gari, su kuma aikinsu ƙera ta. Ya ce a dajin Amazon na Barazil an auna wuraren da aka mai da kurmi makiyaya, aka tarar ƙasar da a da take haɗiyewa ta koma fitarwa. Takin zamani irin su yuriya ma yana rage wa masu cin metan kuzari. A nan na ɗan ji haushi, domin albasata da shi ta girma.

Daga nan muka koma wani fili da aka share, an kakkafa duwatsun shaida, shanu sun mai da shi wurin hutawa. Ƙasar ta yi tauri har sai da na hau kan bokitin da duka nauyina. Ina zaune a kai sai ga samari sun kewaye mu. Duk wanda ya taɓa aza bulo a Legas ya san omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa da ke karɓar kuɗi a hannun masu gini: kuɗin tushe daban, kuɗin rufi daban.

Babbansu ya ce, "Aboki, me kuke ɗiba a filinmu?"

Na ce iska.

Ya kalli kwalaben, ya kalle ni, ko murmushi bai yi ba. Ya ce iskar da ta fito daga ƙasar kakanninsu ai ta kakanninsu ce. Na tara duk Yarbancin da na koya wajen cinikin albasa na yi masa bayanin ƙwayoyin da ba a gani. Ya saurara sarai, sannan ya ce ashe har da dabbobi muke kwasa, kuɗi ya ƙaru. Na biya, na kuma nemi rasit don yaron ya kai wa malaminsa. Dariyar da suka yi ta kori balbelu daga kan shanu.

Da la'asar muka gangara fadama. Taku biyu na yi, laka ta karɓe mini takalmi ɗaya, kumfa ya rinƙa tasowa ɓul-ɓul inda ƙafata ta nutse. Yaron ya yi tsalle don murna, ko sannu babu.

"Kawu, ita ce! Haka wani Bature ɗan Italiya, Volta, ya gano ta a 1776. Ya caccaki laka da sanda a bakin tafki, ya tara kumfan, ya ga yana kamawa da wuta."

Na ce ni ban yarda iska daga cikin ruwa ta ci wuta ba, ko Bature goma ne suka faɗa. Na karɓi gorar ruwa da mazurari, na kife, na dama laka da ƙafar da ta riga ta yi asara har gorar ta cika. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, yaron ya ce wannan wata iskar ce daban, metan ba ta da wari. Na ɗago gorar, na buɗe, na ƙyasta ashana. Ban ga komai ba. Abin da Baturen nan da ɗan yayata suka haɗa baki suka ɓoye mini shi ne harshen wutar shuɗi ne mara kauri, da rana ba a cika ganinsa ba. Na sunkuya in leƙa.

Ƙaurin ne ya fara ba ni labari. Gemun da na yi shekaru ina shafa wa man zaitun, ɓangaren dama ya tafi, ya ja rabin gira ya raka shi. Yaron, maimakon salati, littafi ya zaro yana rubutu.

Haka na shiga motar dawowa, takalmi ɗaya, hula a kan kunci. Washegari na je wurin wanzami ya daidaita abin da ya rage. Na ce tunda rabi ne, rabin kuɗi zan biya. Ya ce a'a, aikin gobara kuɗinsa daban.