Gajiyar da ba ta fita a gwajin jini

A nan Edinbara, a Birtaniya, aikina shi ne bin gidaje ina kula da marasa lafiya. Akwai wata mata da nake zuwa wajenta sau uku a mako, da can malamar makaranta ce. Yanzu in ta daure ta yi wanka da safe, sai ta kwana biyu a kwance, labule a sake, ko ƙarar talabijin ba ta iya jurewa. Barci ba ya wartsakar da ita. Ciwon nata ME ake ce masa, wasu kuma CFS, wato gajiya mai naci da ke tsananta da zarar mutum ya ɗan motsa.

Duk ranar da na fito daga gidanta sai Yayata ta faɗo mini a rai. Ta yi zazzaɓi mai zafi a Funtuwa, zazzaɓin ya tafi, ƙarfi bai dawo ba. Aka yi ta gwajin taifot da maleriya, aka ƙara ruwa, aka sha maganin ƙarin jini har aka gaji. Daga nan sai rubutu da hayaƙi, wai sammu ne. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, dangin miji suka yanke hukunci: son jiki ne.

Kada ku ɗauka Turawa sun fi mu adalci a nan. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin cututtukan jijiyoyi, amma aka yi ta ce wa masu shi a tunaninsu kawai abin yake. An kashe kusan fam miliyan 5 a binciken PACE da ya fito a 2011, wanda ya ce a riƙa ƙara musu motsa jiki. Marasa lafiya suka yi ta kukan cewa hakan na ƙara kwantar da su, sai a 2021 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye wannan shawara. Shekara goma cur!

Abin da ya bambanta mu shi ne a nan an fara sakin kuɗi, ko da cikin cokali ne. Jami'ar Edinbara ta samu fam miliyan 3.2 don binciken DecodeME, aka duba ƙwayoyin gadon masu ciwon sama da 15,000, kuma a 2025 aka gano wurare 8 da suka bambanta da na sauran mutane, wasu na da alaƙa da garkuwar jiki da jijiyoyi.

Da za a tambaye ni, gwaji za a fara zuba wa kuɗi kafin magani. Gwaji mai araha, wanda ƙaramin asibiti a Funtuwa zai iya yi. Magani in ya zo, tsada za ta hana shi isa gida da wuri, amma takardar sakamako Yaya za ta iya miƙa wa surukarta.