Tallafin abinci akwai shi, amma ina ƙofarsa take?

Kwanakin baya wata dattijuwa a layinmu ta tare ni bayan sallar la'asar. Ɗanta ya rasu ya bar mata jikoki huɗu, da kuɗin ƙuli-ƙuli take riƙe su. Ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, a ina ake rubuta sunan masu karɓar tallafin nan da nake ji a rediyo?" Na ce, "Iya, ba ni kwana biyu." Kwana biyun nan sai da suka zama mako guda. Wani ofishi ya tura ni wani, wancan ya ce in koma mazaɓa, a mazaɓa aka ce ai an riga an gama rabo.

Jama'a, ni abin da ya dame ni ba ƙarancin kayan kaɗai ba ne. Talaka bai san ƙofar da zai buga ba, kuma ina ganin wasu sun fi son a bar shi a haka.

Mu yi lissafi. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Agusta aka sanar da Naira biliyan 5 ga kowace jiha. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ce ta tura tirela 20 ta shinkafa ga kowace jiha, kowace tirela buhu 1,200 mai kilo 25. Buhu 24,000 ke nan. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Ko da an raba daidai wa daida, babu wanda ya taɓa ko ƙwaya, kowace mazaɓa buhu kusan 50 za ta samu. Buhu 50 a mazaɓar da gidajen mabuƙata suka fi ɗari-ɗari! To idan kaya sun yi kaɗan haka, kuma ba a bayyana ƙa'idar rabo ba, wa kuke zaton zai samu? Mai uwa a gindin murhu mana.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Akwai rijistar talakawa ta ƙasa, kuma kowace jiha tana da sashen da ke kula da ita. Ba fom ake saya a shiga ba. Tsarinta shi ne a tara mutanen unguwa ko ƙauye, maza da mata da matasa, su da kansu su nuna gidajen da suka fi shan wahala, sannan ma'aikata su bi gida-gida su ɗauki bayani. Daga wannan rijista aka ɗebo masu Naira 5,000 a wata a zamanin Buhari, da masu Naira 25,000 sau uku da aka ƙaddamar a Oktoban 2023. Yanzu sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun da kuɗi zai shiga. Saboda haka duk wanda ya ce ku kawo dubu biyu ya saka sunanku, ko ya turo saƙo a WhatsApp ya ce a cike a tura wa mutum ashirin, ɗan damfara ne.

Sauran ƙofofin kuma ba sa buɗewa sai da dalili. Hukumar agajin gaggawa ta jiha tana zuwa ne bayan ambaliya ko gobara ko gudun hijira. Hukumar zakka da hubusi tana nan a Kano, Sakkwato ma tana da tata. Cibiyoyin ciyarwa na azumi wata guda ne, da an ga watan Shawwal an kife tukwane. Yaron da ya rame kuwa, kar a jira kowane rabo, a kai shi asibitin sha-ka-tafi a gwada damtsensa, don maganar abincin tamowa daban take.

Rashin tsari har rai yake ci. A Maris 2024 ɗalibai mata biyu sun mutu a turmutsitsin karɓar shinkafa a Keffi. A Disamban shekarar, mutum fiye da 60 suka rasu a wuraren rabo a Ibadan da Abuja da Okija ta jihar Anambra, da yawansu yara. Mutumin da ya tabbata sunansa na rubuce kuma rabonsa na jiran sa ba zai fito tun asuba yana ture-ture ba.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi. A liƙa sunayen waɗanda suka samu a ƙofar gidan mai unguwa. A faɗi ranar rabo da yawan buhunan kowace mazaɓa a rediyo, da Hausa, kafin a raba, ba hoton bayan rabo ba. A ware lambar waya guda da wani zai ɗauka.

Iya kam na raka ta ta yi NIN, mai unguwa ya rubuta sunanta a wani littafi mai bango ja. Jiya na wuce ta tana tuyar ƙuli, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, an kira?" Na ce ba a kira ba tukuna.