Matsayi a Jadawalin ATP Ba Tabbacin Nasara Ba Ne

Masu caca a kan tanis na maza da yawa sun ɗauka duk wanda ya fi matsayi a jadawalin ATP, wato ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan tanis maza, shi zai ci wasa. Ba haka abin yake ba. Jadawalin yana tara makin da ɗan wasa ya samu cikin makonni 52 da suka wuce ne, ba ya nuna lafiyarsa ta yau, balle irin filin da za a buga. Jar ƙasa tana rage gudun ƙwallo, ciyawa kuwa ƙara mata sauri take yi. Rafael Nadal ya ɗauki kofin Roland Garros, da ake bugawa a jar ƙasa, sau 14, amma na Wimbledon, da ake bugawa a ciyawa, sau 2 kacal.

Tsawon wasa ma yana da tasiri. A manyan gasa huɗu, ciki har da Roland Garros da Wimbledon, sai mutum ya ci zubi (wato kashin wasa) uku cikin biyar. A sauran gasannin ATP biyu cikin uku sun isa, don haka ƙaramin ɗan wasa ya fi samun damar yin ba-zata.

Ga kuma lissafin da ake mantawa: idan kamfanin caca ya sa wa gwani farashin 1.20, ribar wanda ya zuba 100 ita ce 20, faɗuwa ɗaya ta cinye nasara biyar ke nan. In ɗan wasa ya janye saboda rauni kuwa, wani kamfanin ya mayar da kuɗi, wani ya ƙirga shi faɗuwa muddin an kammala zubin farko.