Wai EXISTS ya fi IN gudu?

Jiya da dare wurin mai shayi nan Mabera munka kusa ɓatawa da wani ƙanena mai koyon SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, wai an gaya mishi EXISTS ya fi IN gudu kullum (kalmomin SQL ne biyu na duba ko abu na cikin wani jeri), don haka duk inda ya ga IN sai ya goge ya sake rubutawa. Na ce ɗauko laftof ɗinka. Munka rubuta tambaya guda iri biyu, guda da IN guda da EXISTS, a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, munka sa EXPLAIN, umarnin da ke nuna hanyar da za a bi a samo amsa, gaban kowace, tsari guda ya fito. Yaro ya yi shiru yana juya cokali cikin kofi.

Ai SQL kamar shiga keke napep ne, kai dai ka ce Gawon Nama za ka, direba ke zaɓen hanya. Oftimaiza, sashen manhajar da ke zaɓen yadda za a samo amsa, shi ne direban, yana duba yawan layukan teburin bayanai da indes ɗin da ke akwai (jeri ne mai saurin kai ka ga layin da kake nema) ya lissafta hanya mai arha, kuma wanga tsari ba na jiya ba ne, tun 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta na IBM sunka fito da shi. In lissafin da ya riƙe ya tsufa sai ya bi da kai ta cunkoso, shi ya sa ake yin ANALYZE, umarnin da ke sabunta mishi lissafin.

Amma fa ba bokanci yake ba. Na taɓa yi ma wani shagon magani manhaja, rahoton cinikin rana ya dinga jan ƙafa, mai shago na ta kirana ko'ina nake. Ashe ni na ɗaure direba, na rubuta date(lokaci) daidai da yau, wato sai an ciro rana daga lokacin kowane layi kafin a gwada, sai indes ya zama hoto, kullum sai an karance tebur kaf. Na mai da shi lokaci daga sha biyun daren jiya zuwa kafin sha biyun daren yau, amsa guda ce, nan take ya ɗauki indes.

Wanda ya fi ba ni haushi NOT IN ne, mai neman abin da ba ya cikin jeri. Mutane na ɗauka tagwaye ne da NOT EXISTS, wallahi ba haka ba ne, NULL guda, wato gurbin da ba a cike ba, ya faɗo cikin jerin, NOT IN ba zai maido maka ko layi ɗaya ba, kuma ba zai ce maka uffan ba. Ƙanen nawa ya gwada nan take, allo ya fito fayau, shi ya biya kuɗin shayin.