Ɗakin da aka ajiye kayan tarihi ma bayani yake yi

Jama'a, ana yawan cewa mutanenmu ba su damu da gidajen tarihi ba. Ni dai ban yarda ba. Abin da ke korar mutane shi ne irin ɗakin da ake zuba kayan da yadda ake jera su.

Ku duba Gidan Makama a Kano, ginin da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Tun daga zaure ginin ke fara yi maka bayani. Ka baro rana da ƙarar adaidaita sahu, sanyin ginin ƙasa ya ratsa ka, ka ɗaga kai ka ga bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa kamar baka, ya ɗauki rufin azara. Daga wannan soro zuwa wancan ba ka hango abin da ke gaba sai ka kai, dole ka rage sauri. Idan kuma ka tsaya gaban tsohon ƙyauren ƙofar gari ka ga kaurinsa, ba sai an gaya maka yadda ake tsare birni a da ba.

A Yamai ma haka ne. Gidan tarihi na Boubou Hama, da aka buɗe a 1959, ɗakuna ne a warwatse cikin fili, ga maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki a idon baƙi. Yaro ya ga zoben azurfa cikin gilashi, ya fito ya tarar ana ƙera irinsa. Ta yaya zai manta?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wuraren da ake jera komai a dogon ɗaki ɗaya, haske bai isa ba, bayani da ƙananan haruffan Turanci an manna shi can sama, sai yaro ya yi ɗage. Tsohuwa ta zo da jikokinta, ta san sunan kowace tasa da mazarin da ke wurin, amma babu bencin da za ta zauna ta ba su labari. Wallahi asara ce, domin ita ce jagorar da ba a biya ba.

Masu tsara waɗannan ɗakuna, don Allah a sauko da bayani daidai idon yaro, a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, a haska abin da ake so a gani. A kuma ware kusurwa da kwafin kayan da aka halatta taɓawa, yara su ɗaga sulke su ji nauyinsa.