Ƙibar yaro daga kofin manya take farawa

Kwalaben maganin sa cin abinci sun cika teburan 'yan magani a kasuwannin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, kuma abin takaicin shi ne yanzu har bakin yara ƙanana suke kaiwa. Uwar da ta saba da "sha ka fashe" don ta yi jiki, ita ce ke cika cokali ta ɗura wa ɗan wata 18, wai ya ƙi tuwo, wai dangin miji sun ce ya rame.

Yawancin waɗannan kwalabe sifroheftadin ne a ciki, maganin ƙaiƙayi da borin jini wanda yake buɗe ciki kuma ya sa barci. Ba a yarda a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Mafi muni su ne ƙwayoyin deksametazon, maganin kumburi mai ƙarfi, da ake haɗawa da shi. Suna tara ruwa da kitse a fuska da ciki, kumatu su yi bul-bul, kaka ta yi ta murna, alhali garkuwar jiki na raguwa, tsayin yaro na tsayawa. Wanda aka daɗe ana ba shi ma ba a yanke masa rana ɗaya, sai a asibiti a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, don yankewa kwatsam na iya kwantar da shi.

To me ya hana yaron cin tuwon tun farko? A duba safiyar gidan. Uba na shan shayi mai kauri, yaro na kan cinyarsa, ana ba shi kurɓi bayan kurɓi da guntun makala, wato fanke. Da rana an sayo zoɓo mai ƙanƙara a leda. Da yamma baƙo ya zo, an buɗe lemon kwalba, an zuba masa a murfi. Lemo mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙwaya 7 ke nan. Cikin ɗan shekara ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kofi guda a zama ɗaya. Idan zaƙi ya riga ya cika shi, ina kunun gyaɗa zai samu wuri? Shayin kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, shi ya sa za ka ga yaro da ƙiba, amma cikin idonsa fari fat saboda ƙarancin jini. Manya ne suka kashe masa sha'awar abinci, sannan suka tafi kasuwa neman maganinta.

Masu cewa gado ne, ai gidan da kowa ke shan kofi ɗaya dole a yi kama. Masu cewa yunwa ce damuwar Arewa, ba ƙiba ba, su koma ga binciken lafiyar iyali na Kamaru na 2018: kashi 29 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kashi 11 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. Abinci mara gina jiki ne ke haifar da duka biyun, wani lokaci a tsakar gida ɗaya.

Ga kuma waya. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban allo, daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana, kuma yana buƙatar motsi na awa 3. Mai renon da ita kanta ta wuni a TikTok, wayar take miƙa masa don ya yi shiru.

Ya kamata hukuma ta kwashe waɗannan magunguna daga tebur, malaman asibiti kuma ranar awo su tambayi abin da uba da kaka ke sha, ba uwa kaɗai ba. Nono zalla wata 6, babu ƙarin sukari kafin shekara 2. Duk mai ganin ɗansa ya rame, ya kai shi awo a gwada kaurin damtsensa: ƙasa da santimita 12.5 ne ke neman kulawa, ƙasa da 11.5 kuwa magani ne na gaggawa, kuma ba a teburin kasuwa yake ba.